Gemun Alƙalin Aro

Shafi na 23

Masu zagin alƙali a ƙarƙashin shafin jiya, na ga saƙonninku, har da baiwar Allahn da ta ce in sa mota ta buge shi kowa ya huta. Ku sassauta, ku karanta wannan tukuna.

*

Ranar Litinin ba kasafai ake ciniki a shagon Koci ba, amma wannan Litinin ɗin tun ƙarfe takwas benci ya cika, wasu har a bakin ƙofa suke tsaye. Babu wanda ya zo aski a cikinsu. Jaje suka zo yi masa.

Shekara talatin Koci yana aski a lungun nan, bai taɓa horar da ko 'yan ƙwallon layi ba. Sunan ya liƙe masa ne saboda ba a taɓa buga wasa a talabijin ɗin da ke saman madubinsa ya bar masu horarwa sun yi aikinsu ba. Da almakashi a hannu yake canza musu 'yan wasa.

Jiya kuwa abin ya zo masa har gida. Ɗansa Auta, mai lamba tara, wanda bana ya fara buga wa ƙungiyar gari a babbar gasa, ya zura ƙwallonsa ta farko saura minti biyu a tashi. Fili ya ɗauki ihu. Koci da kansa sai da ya rungume wani ɗan sanda da bai taɓa gani ba. Kafin ya sake shi aka ji usur. Alƙali ya ce da hannu aka ci, ya soke. Aka tashi babu ci.

Shi ma alƙalin, a faɗar mutanen gari, ba na gaske ba ne. Mako uku ke nan alƙalan gasa suna yajin aiki, hukuma ta kwaso masu busa wasannin makarantu da na ƙananan rukuni ta saka musu riga. Alƙalan aro ake ce musu. Na jiya mai dogon gemu ne, don haka kafin gari ya waye ya zama Gemu a bakin kowa.

"Ku duba nan," in ji Lauya, telan da ke shagon kusa, wanda gardama ta raɗa wa suna. Ya ɗaga wayarsa sama. "Sau goma sha ɗaya na kalla. Ga kai, ga ƙwallo. Ina hannu a nan?"

"Ai daga baya aka ɗauko," wani ya ce daga bakin ƙofa. "Ba a ganin komai sai ƙeyar yaron."

"To ƙeyar ce ta ci. Yaushe ƙeya ta zama hannu?"

Aka kwashe da dariya.

Direba, mai motar haya, aminin Koci tun suna samari, ya miƙo tasa wayar. An haɗa hoton alƙalin da na bunsuru, gemu kusa da gemu, an rubuta a ƙasa cewa a zaɓi wanda ya fi sanin doka.

"Bunsurun ke kan gaba da ƙuri'a dubu huɗu," in ji Direba. "Matata da ba ta san satar gida daga bugun kusurwa ba, jiya har da ita a zagi. Ta ce ko ita aka ba usur ɗin za ta fi shi."

Koci yana goge madubi yana murmushi. An cuce shi, ya sani, amma can ƙasan ransa wani daɗi yake ji da ba zai iya faɗa wa kowa ba. Bai taɓa jin sunan ɗansa a bakuna da yawa haka ba. Da sassafe gidan rediyo suka kira shi, ya gyara murya ya ce an yi wa ɗansa fashi da rana tsaka. Sau uku suka maimaita maganar. Mai shayi ya aiko masa da kofi bai tambaya ba.

Abu ɗaya ne kawai ya tsaya masa a rai. Tun jiya yake kiran Auta, yaron bai ɗauka ba.

"Baƙin ciki ne," in ji Direba da ya ga ya sake duba waya. "Ka bar shi ya huce."

Ana cikin haka wani mutum ya yi sallama. Dogo ne siriri, ya ja hula har kan gira. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi taron, ya dubi ƙaton hoton Auta da ke manne a bango da rigar ƙungiya, ya ɗan ja da baya kamar wanda ya yi ɓatan kai.

"Shigo, Malam," Koci ya ce. "Kada yawansu ya tsorata ka, duk babu mai aski a cikinsu. Majalisa ce."

"Zan iya dawowa anjima."

"Ka dawo ina? Ga kujera tana jiranka."

Aka buɗa masa hanya. Babu yadda zai yi, ya shigo ya zauna. Koci ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure a wuya, ya cire masa hula, sannan ya ɗago haɓarsa ya duba.

"Subhanallahi. Wa ya yi maka wannan ɓarnar?"

An daddatse gemun mutumin ba tsari, nan tudu nan kwari, wani wajen har fata ta fito.

"Ni na yi da kaina," ya ce da dasasshiyar murya. "Da ɗan almakashin yankan farce."

"Kai da gemunka kuka yi faɗa?"

"Zafi ne ya dame ni. A kwashe duka."

"Ka kyauta wa kanka," Lauya ya cafe daga benci. "Yau ba ranar yawo da gemu ba ce a garin nan. Ɗazu yara suka bi mai gyaran famfo da ihu har bakin kasuwa, bawan Allah bai ma san an yi wasa ba."

Baƙon ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba.

Koci ya kaɗa kumfa a kofi, ya fara shafa masa da buroshi. Hira ta koma inda take. Wani ya ce sayen alƙalin aka yi. Wani ya ce wa zai ɓata kuɗinsa a kan wanda ba ya gani. Direba ya ce shi dai a daidaita da alƙalan gaske su dawo, duk da su ma shekara ashirin yana zaginsu.

"Yanzu ka san darajarsu," in ji Lauya.

"Su aƙalla in sun cuce ka, da ilimi suke cutarka."

Koci ya karya sabuwar reza ya saka a aska. Ya kama kan baƙon zai juya shi, sai yatsansa ya taɓa wani kumburi a bayan kunnen hagu. Mutumin ya ɗan zabura.

"Me ya same ka a nan?"

"Ƙofa ce ta buge ni."

Koci ya janye yatsansa. Jiya yana layi na huɗu a fili lokacin da 'yan sanda ke fitar da alƙali, da idonsa ya ga robar ruwa ta taso daga sama ta sauka masa a bayan kunne. Na hagu. Har tafi ya yi.

Ya sunkuyar da kai. Hannayen baƙon sun leƙo daga ƙarƙashin ƙyalle, sun riƙe hannun kujera gam. A kowane wuyan hannu akwai zoben fata mai haske inda rana ba ta taɓa ba, na dama da na hagu. Ba mai ɗaura agogo biyu sai mutum ɗaya a cikin fili.

Ya ɗago. Idanunsu suka haɗu a madubi.

Askar tana kan maƙogwaron mutumin. Koci yana jin yadda yake haɗiyar yawu a ƙarƙashinta.

"Koci," Lauya ya kira, "kai da za a kawo maka Gemu nan, a zaunar da shi a kujerar nan, me za ka yi masa?"

Shago ya yi tsit ana jiran amsa, don an san bakin Koci.

Koci ya ja askar a hankali daga ƙasa zuwa sama, ya goge a tawul.

"Aski zan yi masa," ya ce. "Me nake yi wa wanda ya zauna a kujerata?"

"Kai dai ba ka da zuciya."

Ya sake dangwalo kumfa, ya lafta wa baƙon har kusa da ido, yadda ko uwar da ta haife shi sai ta duba sau biyu. Sannan ya ɗaga murya.

"Malam, akwai ƙuraje a ƙasan gemun nan, sai an gasa da ruwan zafi kafin in ci gaba. Taso mu shiga ciki."

Bayan labule akwai ɗan ɗaki inda yake wanke wa mutane kai. Famfo ne da kwano, da kujerar roba, da bokiti, da ƙofar baya mai fita wani lungun. Koci ya saki labule, ya ƙure famfo don ƙarar ruwa ta rufe magana. Ya juyo ya harɗe hannu.

"Duk shagunan askin garin nan ba ka ga na shiga ba sai nawa?"

"Wallahi ban sani ba. Daga masauki na fito zan je tasha, motata ƙarfe goma sha biyu. Na ga hotona a wayar mai gadi, na koma na datse gemun, na ga na ƙara lalata abin. Na ce bari in nemi shagon da ke cikin lungu inda ba mutane."

"Ka kuwa samu."

"Sai da na shigo na ga hoton yaron."

"Ɗana ne."

Mutumin ya rufe ido.

"Na ji ka a rediyo," ya ce. "Ban san fuskarka ba."

Koci ya jawo bokiti ya kifa ya zauna a kai, gwiwa da gwiwa da shi.

"Tun yana shekara shida nake kai shi fili a kan keke. Uwarsa ta yi faɗa har ta gaji. Jiya na ga abin da nake jira shekara goma sha biyar, ka ba ni minti ɗaya ban gama murna ba ka ƙwace. Yanzu ba kowa, daga ni sai kai. Nawa suka ba ka?"

"Ba wanda ya ba ni komai."

"To ba ka gani ne?"

"Ina gani. Taku shida ne tsakanina da shi." Ya ɗaga hannunsa na dama, ya kai dunƙulen kusa da kunne. "Ƙwallon ta fi kansa tsawo da kaɗan. Ya yi tsalle, hannun yana nan. Da bayan hannun ta shiga."

"Ƙarya ne."

"Da ma a ce ƙarya ne, Maigida. Kana tsammani ban san abin da zai biyo baya ba? Mutum dubu ashirin suna rawa, ni kaɗai zan ce a'a. Sai da usur ya yi min nauyi a baki. Amma na gani. In na bari, na cuci wancan mai tsaron ragar, shi ma ɗan wani ne."

Koci ya buɗe baki zai yi magana, aka taɓa ƙofar baya. Ƙwanƙwasa biyu, sannan ɗaya. Mutum ɗaya ne ke buga ƙofar nan haka tun yana ɗan firamare.

Ya tashi ya zare sakata.

Auta ne, da hular sanyi da baƙin tabarau, ya yi zuru-zuru kamar bai runtsa ba.

"Baba, na hango taro a gaba shi ya sa na zagayo."

"Ina ka shiga tun jiya? Uwarka ta kira ka ya fi sau ashirin."

Auta ya leƙa bayan ubansa. Idonsa ya sauka a kan mutumin da ke kujerar roba, fuska duk kumfa, rabin gemu a aske. Ya cire tabarau a hankali. Shi bai buƙaci kumburi ko zoben agogo ba. Minti casa'in ya yi jiya yana kallon idanun nan.

"Ina kwana, Alƙali," ya ce.

"Lafiya lau, lamba tara."

"Ka gan shi," in ji Koci. "Allah ya kawo mana shi har gida. Yanzu yake faɗa min wai da hannu ka ci. Faɗa masa a gabana."

Auta ya dubi famfon da ke zuba. Ya dubi ƙasa.

"Auta, da kai nake."

"Baba, da hannu ne."

Ruwa ya ci gaba da zuba a kwano. Daga cikin shago ana jin Lauya yana lissafa wa mutane dokokin ƙwallo da shi kaɗai ya san su.

"Me ka ce?"

"Ba da gangan na ɗaga ba, amma na ji ta a hannuna. Da ta shiga na ruga ina murna, na ce ko bai gani ba. Da ya busa, sai na ji kamar an sauke min kaya. To kuma sai fili ya rikice, aka fara jifa. A ɗakin canza kaya shugaban ƙungiya ya ce kada wanda ya buɗe baki, za su kai ƙara. Da safe na kunna rediyo na ji muryarka." Ya sunkuyar da kai. "Shi ya sa na kasa ɗaukar wayarka. Ban san yadda zan faɗa maka ba."

Koci ya koma kan bokitinsa ya zauna. Fashi da rana tsaka. Sau uku aka maimaita, da sunan shagonsa da komai.

Ya daɗe yana kallon yaron. Ya so ya ji haushi, ya laluba bai samu ba. Abin da ya gani shi ne ƙaton saurayi mai gemu-gemu a tsaye a gabansa, kai a sunkuye, hannu a baya, daidai yadda yake tsayawa yana ƙarami in ya yi laifi ya zo kai ƙarar kansa kafin a tambaya.

"Wane hannun?" ya ce.

Auta ya miƙo na dama.

Koci ya kama, ya juya shi gaba da baya kamar mai duba kaya a kasuwa, sannan ya ɗan make bayan hannun.

"Shekara goma sha biyar ina koya maka sa kai. Ashe kai gola kake son zama ba ka faɗa ba."

Dariya ta ƙwace wa Auta, hawaye na biye da ita. Alƙalin ma ya yi, kumfa ta faɗo masa a cinya.

"Ni tun a fili na san yaron kirki ne," in ji alƙalin. "Da na busa, mutum tara suka yo kaina, har mai tsaron ragarku ya taso tun daga can. Shi kaɗai ya juya ya koma tsakiya. Wanda aka ƙwace wa ƙwallon gaske ba ya tafiya haka. Da na ga bayansa, sai hankalina ya kwanta."

"Ka ji," Koci ya ce wa ɗansa. "Ko ƙarya ba ka iya ba. Halin uwarka ne."

Ya tashi ya rage famfo, ya ɗauko askarsa.

"Gyara zama, Malam. Ba a taɓa fita daga shagona da rabin gemu ba."

Yana aski suna hira ƙasa-ƙasa. Ashe mutumin malamin lissafi ne a wata sakandare, tafiyar awa huɗu daga nan. Shekara goma sha shida yana busa wasa ranar Asabar a filayen da ba su da ko raga, inda in ƙwallo ta fita sai an roƙi mai gona. Da hukuma ta kira shi, matarsa ta ce kada ya je. 'Yarsa ce ta goge masa rigar.

"Ita ce ta fara turo min hoton bunsurun," ya ce. "Ta ce Baba kada ka damu, ni kai na zaɓa."

"Ƙuri'a ɗaya ke nan," in ji Koci.

"Biyu. Ta zaɓa da wayar uwarta ma."

"Ka yi nadamar zuwa?" Auta ya tambaya.

Koci ya ɗaga aska ya ba malamin damar magana.

"Ka san da muka fito daga hanyar nan ta ƙarƙashin kujerun 'yan kallo kafin a fara wasa, na taka ciyawar, na ji ta kamar katifa. Na ɗaga kai na ga mutane har sama. Na ce ashe haka abin yake. Ko gobe aka janye yajin aiki na koma filin gona, na dai taɓa busawa a nan sau ɗaya, kuma abin da na gani shi na busa." Ya taɓa bayan kunnensa. "Wannan kwana uku ne ya sace."

Koci ya ji kunyar tafin da ya yi jiya. Bai faɗa ba. Ya dai jiƙa auduga da man zafi ya shafa masa a kumburin a hankali, abin da ba ya cikin aski.

Ya gyara masa saje, ya daidaita gashin baki, ya goge fuskar da tawul mai ɗumi, ya shafa hoda. Sannan ya ɗauko ƙaramin madubi ya riƙe masa.

"Duba. Na rage maka shekara goma. Ko 'yan ajinka sai sun tambaye ka ina malaminsu."

"Matata ba ta taɓa ganina ba gemu ba."

"To ka ce mata wani mai aski ne ya rama abin da ka yi masa."

Malamin ya sa hannu a aljihu, Koci ya riƙe hannun ya mayar.

"Bar shi. Na zage ka a rediyo sau uku, mun yi canjaras."

Ya juya ga Auta.

"Kai kuma, me ka yanke?"

"Ban sani ba, Baba. In na faɗa, shugaba zai ajiye ni a benci, wataƙila har ƙarshen kakar wasa. Mutanen gari kuma ka san su. Jiya ni ne abin tausayi, gobe ni ne maci amana."

"In ka yi shiru fa?"

Auta ya dubi malamin.

"In na yi shiru, shi za a ci gaba da jifa."

"Kada ka yi don ni," in ji malamin. "Ni nan da awa ɗaya na bar muku gari. Kai a nan za ka zauna."

Koci ya wanke askarsa, ya goge, ya ninke. Shi mai gyara wa masu horarwa kuskure daga nesa, yau da aka zo kan wasan da ya fi kowanne, sai ya ga ba shi da canjin da zai yi.

"Ba zan zaɓa maka ba," ya ce. "Ka girma. Abin da na sani, da safe na ɗauka ina da ɗa mai ƙwallo ɗaya a babbar gasa. Yanzu ina da ɗa mara ƙwallo ko ɗaya, kuma wallahi na fi jin daɗin na yanzu. Ƙwallo za ka ci wata. Ka dai riƙa sa hannu a aljihu in za ka yi tsalle."

Auta ya goge ido da bayan hannun da ya jawo rigimar.

"Yanzu ga yadda za a yi," Koci ya ci gaba. "Ka fita da shi ta baya, ku bi ta lungun masu walda, ka sa shi a mota da kanka. Ba wanda zai zaci alƙalin jiya yana tafe da lamba tara. Ni zan koma in ce musu baƙo ya ji kunyar ƙurajensa ya fice."

Malamin ya miƙe, ya kama hannun Koci da hannu biyu.

"Maigida, ban san da bakin da zan gode maka ba."

"Ka gaida mai ƙuri'a biyu."

Auta ya zare sakata, ya leƙa lungu, ya yi alamar ba kowa. Malamin ya taka ɗaya, ya taka biyu, sai ya tsaya cak. Ya shafa kafaɗarsa. Ya dubi ƙasan kujerar roba.

"Jakata."

"Wace jaka?"

"Ƙarama ce, baƙa. Na ajiye ta a gefen benci da zan zauna."

"Me ke ciki?"

Fuskar da Koci ya gama gyarawa yanzun nan ce ta ba da amsa.

Sai a lokacin Koci ya lura cewa ya daɗe bai ji muryar kowa daga cikin shago ba. Ba dariya, ba gardama. Hatta Direba da ba ya iya minti ɗaya bai yi magana ba, shiru.

Sannan aka busa usur.

Ba da ƙarfi ba. Gajeren busa ɗaya, a bayan labule.

"Koci," muryar Lauya ce, a natse, irin wadda bai taɓa magana da ita ba. "Jakar baƙonka ta faɗi, kaya sun zube. Ga jan kati a hannuna, ga rawaya a hannun Direba. Fito mana da shi mu ga yadda askin ya yi."

Ƙofar baya a buɗe take, lungu fayau. Koci ya tura malamin wajenta da gwiwar hannu.

Malamin bai motsa ba.

Auta ya mayar da ƙofar ya rufe, ya cire hular sanyinsa ya miƙa wa ubansa. Ya ratsa tsakaninsu, ya kama labulen.

"Auta," Koci ya ce ƙasa-ƙasa, "sun fi mutum talatin."

"Na sani, Baba."

Ya yaye labulen gaba ɗaya.

"Kawu Lauya, ajiye katin nan. In akwai wanda za a ɗaga wa shi a shagon nan, ba baƙon Baba ba ne."